Saura Laifi Ɗaya

Ranar da Auta ta fara ɗora ido a kan Tsani, usur ne a bakinta, kuma faɗa ne ya fara haɗa su.

Auta malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, amma duk ƙarshen mako sai ta sa rigar alƙalanci ta shiga filin ƙwallon kwando. Ita ce ƙarama a gidansu, sunan ya biyo ta har fili. Shi kuwa Tsani mai gyaran wutar lantarki ne, yana kuma buga wa ƙungiyar ma'aikatan lantarki ƙwallo. Abokan aikinsa ne suka laƙa masa sunan, don yana sauya ƙwan fitilar rufi ba tare da ya taka ko kujera ba.

Zauren wasan ya cika maƙil a ranar, fanka biyu kawai ke juyawa, kowa sai fifita yake da abin da ya samu. Aka cillo wa Tsani ƙwallo, ya cafe, ya juya, ya dumfari raga da ita a hannu bai buga ta ƙasa ba, ya zura ta da ƙarfi har allon ragar ya girgiza. Zaure ya kaure da ihu.

Fiiit! Auta ta busa, ta mirgina hannayenta a gaban ƙirji. Ya yi tafiya da ƙwallo. Babu maki, a miƙa wa abokan hamayya.

"Haba Malama! Taku biyu na yi!"

"Uku."

"Wallahi biyu ne!"

"Lissafi nake koyarwa," in ji ta. "Ba su ƙwallo."

Bawan Allah ya ɗaga ƙwallon ya maka ta da ƙasa, ta yi sama kamar za ta fasa rufi. Auta ko gezau. Ta sake busawa, ta ɗora tafin hannu a kan yatsun ɗaya hannun, alamar laifin rashin ɗa'a. Abokan hamayya suka samu jifan kyauta.

"Ka ƙara irinsa guda ɗaya," ta ce, tana ɗaga kai don ta ga fuskarsa, "wanka za ka tafi yi, a ƙarasa babu kai."

Ya sunkuyo yana kallon wannan 'yar mitsitsiyar da ko kafaɗarsa ba ta kai ba, bakinsa a buɗe. Ita ma, in za a faɗi gaskiya, sai da gabanta ya faɗi. Amma ta sha mur ta juya.

Ba a jima ba wutar ofishin malamai ta lalace, aka kira mai gyara. Auta na duƙe kan takardun jarrabawa ta ji wani ya buge kai da saman ƙofa. Tana ɗagowa ta gan shi, da jakar kayan aiki, yana murza goshi.

"Malama, ina kwana. Na kalli bidiyon wasan nan," ya ce a hankali. "Uku ne."

"Na sani."

"To, na zo in ba da haƙuri."

"Wuta ka zo gyarawa."

"Har da ita."

Malamai mata biyu da ke gefe suka fashe da dariya. Kafin wuta ta dawo ya san hanyar da ya bi ya karɓi lambarta, wai ko da fitilar za ta sake ba da matsala. Da yamma saƙo ya shigo:

"Alƙaliyata, fitila lafiya? Ni dai tawa ta ƙi mutuwa tun da na fito daga ofishinku. Ina neman izinin in riƙa gaishe ki. In laifi ne, ki busa."

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta mayar:

"Ban busa ba. Ci gaba da wasa."

Shi ke nan, soyayya ta kama kamar wutar kara. Yana tambayarta dokoki, tana ba shi amsa, rabin tambayoyin kuma ya san amsarsu sarai, muryarta kawai yake son ji.

"Dogona, ka daina kafa tanti a ƙarƙashin raga. Daƙiƙa uku aka ba ka, ba hayar ɗaki ba."

"To in na wuce fa, Fitilata?"

"A ƙwace ƙwallo a ba wasu, kai kuma kocinku ya cinye ka ɗanye."

Tana son sa, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana son yadda yake sunkuyowa ya saurare ta, da yadda yake dariya da dukkan jikinsa. Zuciyarsa ce kawai a kusa, ita ce ke ba ta tsoro.

Domin akwai Baba.

Mahaifin Auta tsohon alƙalin wasa ne, wanda har yau in ya shiga zaure manyan kociyoyi ke miƙewa tsaye. Shi ya koya mata riƙe usur. A falonsa, kusa da talabijin, akwai kujerar da ba mai zama sai shi, kuma a kanta yake zaune ranar da Auta ta durƙusa ta faɗa masa, Mama na gefe tana ninke kaya.

"Wane? Dogon nan na 'yan lantarki?" Baba ya cire tabarau. "Wanda ya maka ƙwallo da ƙasa a gabanki? Ina zaune a wurin, Auta. Da idona na gani."

"Baba, ya ba da haƙuri."

"Duk suna ba da haƙuri. Na yi shekaru ina kallon maza a fili. Mutum yana iya ɓoye halinsa a falon surukai, amma ba ya iya ɓoye shi in an busa masa usur yana ganin shi ke da gaskiya. Wanda ya ɗaga wa alƙali murya, gobe matarsa zai ɗaga wa. Ban yarda ba."

"Haba Malam," in ji Mama, "kai da kake jifa da takalmi in ƙungiyarku ta faɗi?"

"Wannan daban. A gidana nake."

Baba yana da nasa zaɓin, wato Kyaftin, ɗan tsohon amininsa, shugaban 'yan wasan ƙungiyar ma'aikatan banki. Yaro ne mai fara'a, yana zuwa gaisuwa da ledar lemo, yana zubewa har ƙasa. Auta kuwa ta san shi a fili. Gwani ne wurin sakar wa mutum gwiwar hannu a haƙarƙari ta inda alƙali ba ya gani, kuma in aka shafe shi kaɗan sai ya zube kamar mota ta kwashe shi.

Ana cikin haka Auta ta yi abin da kowane alƙalin kirki zai yi. Ta je wurin shugaban alƙalai ta roƙi kada a sake ba ta wasan ƙungiyar lantarki. Ba ta faɗa wa Tsani ba, a ganinta abu ne da kowa ya sani. Kuma in tana cikin rigar aiki ba ta hira da ɗan wasa, ko wane ne. Rannan a barandar zaure ya washe baki ya ɗaga mata hannu, ta wuce kamar ba ta san shi ba. Jim kaɗan ya hango ta a tsakiyar fili tana gaisawa da Kyaftin, kamar yadda alƙalai ke yi da shugabannin 'yan wasa kafin a fara.

Kyaftin bai bar damar ta wuce ba. Bayan wasa ya tsaya kusa da Tsani yana ɗaure takalmi.

"Ashe mutuniyarka ta ce a cire ta daga wasanninku? Wai kunya kake ba ta. Mu dai ka ga namu ba ta taɓa ƙi ba."

Daga ranar Tsani ya ɗauke wuta. Ba kira, ba saƙo. Auta ta kira har ta gaji, ta yi fushi, ta yi kuka a banɗakin makaranta, ta wanke fuska ta koma aji. Da abin ya ishe ta sai ta rubuta:

"In ka gaji ka faɗa min da bakinka. Ban saba da wasan da ake tashi ba a busa ba."

Amsa ta zo nan take:

"Ke kika gaji. Kin ce a cire ki daga wasannina don ina ba ki kunya. Na Kyaftin kuwa kina yi da murna. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Auta ta karanta, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta zauna a bakin gado ta rubuta:

"Kai Dogo, tsawon nan duk a ƙafa ya tsaya? Alƙali ba ya janyewa sai daga wasan wanda zuciyarsa ta karkata gare shi, don kada ya yi son kai. Na janye daga naka don ba zan iya kallonka in yi adalci ba. Wasan Kyaftin kuwa ko kullum a ba ni, hannuna ba zai yi rawa ba. Ka gane, ko sai na zana maka a allo?"

Wayar ta yi ƙara kafin ta ajiye ta.

"Fitilata," in ji shi, "ni jaki ne."

"Ban musa ba."

"Maimaita min wurin da kika ce ba za ki iya kallona ba."

"Allah ya kiyaye. Je ka karanta."

Mama ce ta yi ta bin Baba da lallashi, yau da shayi, gobe da gori, har ya sauko rabi. Lokacin an kai wasan ƙarshe na gasar, kuma lantarki da banki ne za su kara.

"Zan je in kalle shi," in ji Baba. "Ba ruwana da cin kofi. In ya yi laifi biyar aka fitar da shi, magana ta mutu. In ya buɗe wa alƙali baki, ta mutu. In kuma ya laɓe a benci don tsoron laifi ya bar 'yan'uwansa a wahala, wannan ma ta mutu, ba na ba matsoraci 'yata. Je ki faɗa masa."

Ta faɗa masa. Abin da ba ta sani ba shi ne Baba ya ba amininsa labari, amininsa kuma ya kai gida.

Ranar wasa Auta ta zauna a cikin 'yan kallo, Baba a damanta, Mama a hagu, mahaifin Kyaftin a gaba da su. Tun daga fara wasa ta gane Kyaftin bai zo neman maki ba, Tsani ya zo nema.

Laifin farko na gaskiya ne, Tsani ya bugi hannun mai jifa. Na biyu, Kyaftin ya shige jikinsa ya zube yana riƙe da fuska. Na uku ma haka, har da birgima. Aka tafi hutun rabin lokaci da laifi uku a kansa.

Da aka dawo, Tsani ya tsaya cak a gaban ragarsu, ƙafafu a kafe, tun kafin Kyaftin ya iso. Kyaftin ya zo a guje ya banke shi a ƙirji. Ko makaho ya san laifin na mai gudu ne. Alƙali ya busa, ya ɗaga dunƙulallen hannu, ya nuna Tsani.

Na huɗu.

Zaure ya ɗauki ihu. Auta ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta ga ƙwallon a hannunsa, ta ga bakinsa ya buɗe. Ta damƙe hannun Mama har sai da Maman ta ce wash. Ya Allah, ta ce a ranta, ka riƙe masa harshe.

Tsani ya rufe bakin. Ya ja numfashi. Ya ɗaga hannu sama, yadda ɗan wasa ke yi in ya karɓi laifi, ya taka ya miƙa wa alƙali ƙwallon hannu da hannu.

"Wannan ba laifinsa ba ne," Baba ya yi gunaguni. "Yaron ya riga shi tsayawa."

"Me ka ce, Malam?" in ji Mama.

"Ban ce komai ba."

Koci ya janye shi zuwa benci, kamar yadda ake yi wa mai laifi huɗu. Nan fa 'yan banki suka samu sake, suka yi ta zura ƙwallo kamar ragar gidansu. Tazara ta buɗe. Auta na kallon bayan Tsani, tawul a kansa. Ta san lissafin da yake yi, don ita ma shi take yi. In ya shiga, taɓawa ɗaya ta isa ta raba su har abada. In ya zauna, ya faɗi a idon Baba, ya kuma faɗi a idon kansa.

Ba ta gama tunanin ba ta ga ya yar da tawul ya tsaya a gaban koci. Koci ya nuna masa yatsu huɗu. Tsani ya gyaɗa kai, ya nufi teburin canji.

Kai, jama'a! Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Tsani ya daina kai hannu. In sun taho sai ya tsaya kyam, hannaye a miƙe sama, su yi ta karo da shi suna zubar da ƙwallo. Kyaftin ya sake zubewa, wannan karon alƙali ya yi masa alamar ya tashi, zaure ya kwashe da dariya. A ɗaya ragar kuwa Tsani ya yi ta zurawa. Tazara ta yi ta narkewa, har lantarki suka wuce da maki ɗaya, lokaci ya kusa cika, ƙwallo kuma a hannun Kyaftin.

Ya taho kai tsaye, yana neman jikin Tsani. Tsani ya ja baya kaɗan, hannu a sama, bai ba shi abin da yake nema ba. Dole Kyaftin ya cilla ta sama ta bisa kansa.

Ƙwallo ta tashi, ta kai ƙarshe, ta fara saukowa. Tsani ya riga ya juya, gwiwoyinsa a lanƙwashe, kuma hannunsa yana kai wa can, kowa ya sani. Auta kuwa ta san dokar. In ya taɓa ta tana saukowa kafin ta sami ƙarfen raga, doka ta ba banki makin ko ba ta shiga ba. In ya bar ta, tana iya faɗawa. Dama ɗaya ce tsakanin biyun, sai mai haƙuri.

"Jira!" Ba ta san ta miƙe ba. "Dogo, jira!"

Ya jira. Ƙwallo ta daki ƙarfen, ƙwal, ta ɗan yi tsalle a kansa tana shawarar shiga. A nan ya tashi, ya share ta da tafin hannu, ta yi tsakiyar fili tana gangarawa. Sannan ƙararrawa ta kaɗa.

'Yan banki suka yi caa a kan alƙali. Mahaifin Kyaftin ya miƙe yana kaɗa hula. "Ya taɓa! A ba mu makinmu! Ya taɓa ta a sama!"

Sai wata murya ta tsaga zauren, muryar da tsofaffin 'yan wasa har yau ke jin tsoro.

"Ta taɓa ƙarfe!" Baba ne, tsaye a kan kujera, tabarau a karkace. "Ta riga ta taɓa ƙarfe, kuma lokaci bai cika ba! Halak ce! Zauna, Alhaji, ba ka san doka ba! Yarona ya yi daidai!"

Alƙali ya kaɗa hannaye, babu maki, wasa ya tashi. Lantarki sun ci kofi.

Mama ta ja rigar mijinta. "Sauko kar ka karye. Yaron wa ka ce?"

Baba ya sauko yana gyara tabarau, ya ƙi kallon kowa. Auta kuwa kuka take tana dariya, ba ta damu da wanda ya gani ba.

Abokan Tsani na ƙoƙarin ɗaga shi sama, abin ya gagara, ya zame ya nufo su Auta, zufa na ɗiga, ya durƙusa a gaban Baba.

"Laifi na huɗun nan," in ji Baba, "zalunci aka yi maka."

"Na sani, Baba."

"To me ya hana ka magana?"

Tsani ya saci kallon Auta. "Na ga abin da zan rasa ya fi abin da zan faɗa."

Baba ya yi gyaran murya. "Ka ce wa manyanka ina gida. Kuma ka gyara jifan kyautarka, abin kunya ne."

Kafin su kai mota saƙo ya shigo wayarta:

"Fitilata, a cikin mutum dubu muryarki kaɗai na ji."

Ta mayar: "Dogona, yau na yi alfahari da kai har ƙirjina ya yi min kaɗan. Ina son ka, kuma a rubuce na ba ka."

Aka yi biki na gani na faɗa. Malaman makaranta suka zo, alƙalai suka cika layi guda, 'yan lantarki suka zagaye farfajiyar da fitilu har maƙwabta na tambaya ko filin jirgi aka buɗe. Kyaftin ma ya zo da ledar lemonsa, ya yi wa ango murna, aka yi dariya aka wuce wurin.

Da lokacin tafiyar amarya ya yi, Baba ya kira su biyun falo. Ya buɗe baki zai yi jawabin da ya shirya, sai hawaye. Mutumin da ya yi shekaru yana tsawata wa ƙarti, yau ga shi yana share ido da hannun riga.

"Ita ce ƙaramata," ya ce da ƙyar. "Ban taɓa tunanin akwai wanda zan miƙa wa ita hankalina a kwance ba. Yau ga shi a kwance yake."

Ya ɗora hannu ɗaya a kan Auta, ya miƙa ɗayan sama, bai kai ba.

"Kai, sunkuyo mana, ɗana."

Tsani ya zube a gwiwa kusa da matarsa. Baba ya dafa kawunansu biyu.

"Allah ya yi muku albarka. Ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Na ba ka ita da zuciya ɗaya."

"Amin," in ji Mama, tana kuka. Daga waje, mutanen da suka cika farfajiya suka amsa gaba ɗaya.